Ƙyale-su

Sunan karena Ƙyale-su.
Don maƙwabta na raɗa masa shi,
shekarar da suka yi ta magana a kansa.
Ban san sunan zai gangara cikin jini ba.

Shekara bakwai muna gadin sito
bayan babbar kasuwar Maradi,
buhun aya, buhun wake,
ni da gora, shi da kunne.

Daminar bara waccan ya bi ni gulbi yankan ciyawa,
ya dawo da kaska a wuya
ƙoshe kamar ƙwayar zurma.
Na cire, na jefa garwashi, suka fashe.
Ashe fatake sun riga sun sauke kaya.

Fitsari ya koma shayin farko.
Dasashi ya yi fari fat.
Ƙashin da mahauci ya ba ni domin sa
ya kwana uku, sai tururuwa.

Na ɗora shi a amalanke
zuwa wurin Tsahara, likitar dabbobi,
mai tabarau ɗaure da zare.
Ta ɗiga jininsa a gilashi,
ta duba cikin madubinta har shayi ya huce.
Ta ce, Nomau, zo ka ga baƙinku.
Na kanne ido ɗaya.
Jajayen faifai birjik,
cikin wasu, ɗigo biyu-biyu a zaune
kamar masu jiran mota a tasha.

Ta yi allura. Jika biyu.
Ya tashi, ya ci, ya yi haushi.
Wata shida muka koma,
baƙin na nan, sai dai kaɗan.

Na ce, to a ƙara, a kashe su duka.
Ta cire tabarau ta goge da gefen zane.
Ta ce, a jini ma akwai masu gadi irinka.
Wasu da gora suke kwana,
in suka ga baƙo cikin ɗaki
ɗakin suke rushewa,
wani lokaci har da na maƙwabci wanda ba kowa ciki.
Rabin jinyarsa dukan gida ne.
Akwai kuma wasu, ba su da yawa,
aikinsu riƙe hannu:
ya isa, ya isa haka.
In sun yi rauni, gida ya ci kansa.
In sun yi yawa, baƙo ya auri gari.

Ban ce komai ba.
Na tuna farkon zuwana sito,
ina saurayi, jini na tafasa,
ɓera ɗaya ya hana ni barci.
Na cusa tsumma mai wuta a raminsa.
Buhu tara suka ƙone.
Ɓeran na gan shi da safe
a kan katanga, yana wanke fuska.

Yanzu ina lura da kwanakinsa.
In zafin bazara ya matsa,
ko na yi tafiya Tibiri aka manta da kwanonsa,
sulhun kan girgiza,
ido ya faɗa, wutsiya ta sauka.
Sai in ba shi inuwa da romo,
in ɗaga leɓe in duba dasashi,
in fari ya fi ja, mu nufi Tsahara.
Duk Juma'a ina bin kunnensa da yatsa
kada sababbin fatake su iso.

Bai warke ba.
Bai mutu ba.
Ban san sunan wurin da ke tsakani ba,
amma a can yake kwana, bakin ƙofar sito,
haƙarƙari na hawa da sauka.

Jiya da tsakar dare
wani abu ya motsa bayan buhunan wake.
Ya ɗaga kunne ɗaya.
Na ɗaga gora.
Muka dubi juna.
Ya mayar da haɓa kan ƙafa,
ni kuma na zauna,
gorar a cinya, ban ajiye ba.